Sulen Gindin Mangwaro

Tungan Ardo, ta Gwada
3 ga Yuli

Ƙanena Yunusa,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga ni Addarka Rahmatu da Goggo da yaran gida. Ya aiki, ya ruwan Minna? Mu nan damina ta kankama, doya ta yi ganye, sauro kuma ya zo da danginsa duka. Sabis ɗin waya har yau bai dawo ba tun da aka kwashe batiran turken sadarwar nan, wayata ta koma tocila. Shi ya sa ka ga takarda a hannun Meshach direba. Duk ranar kasuwa yana shigowa, sai ka riƙa ba shi amsa.

Jikin Goggo ne ba daɗi. Ƙafar ta kumbura, abinci sai an yi da gaske take kai loma uku. Amma ranar kasuwa, ko ruwa ake yi, sai ta ja kujerarta zuwa bakin hanya ta zauna har motar Minna ta sauke mutum na ƙarshe. Kai kana ƙarami a Kontagora lokacin, ban san iya abin da mahaifinka Baffa Garuba ya gaya maka ba. Yaya Babba, ɗanta na fari, hoto yake ɗauka a lambun shaƙatawa na kusa da layin dogo. Ya aiko cewa yana tafe ranar kasuwa bayan ƙaramar salla. Shekara goma sha tara ke nan, wannan ranar kasuwar take jira. Ba inda ba a duba ba, asibiti, ofishin 'yan sanda, gidan yari, har Kaduna an je. Ta hana a yi masa addu'ar mamaci, ta hana a taɓa akwatinsa. Tsorona kada zaman bakin hanyar nan ya ƙarasa mini ita.

Abin da ya sa na ɗauko zancen, Meshach ya ce a wannan lambun ya gan ka da wata sanda mai faifai a gindi, ka toshe kunnuwa, kana sharar ciyawa da ita kamar wanda ya yar da allura. Yunusa, lafiya dai ko? Mun san ka da gyaran rediyo, ba mu san ka da farautar gyare ba. A zamanin nan da kowa ke zargin kowa, ka yi hankali kada a maƙala maka abin da ba ka ji ba ka gani ba.

Goggo tana wajen da yake ba da labarin. Ta tambaye shi me kake nema, ya ce abin da ya ɓata a ƙasa. Sai ta ce in rubuta maka: tunda neman abin da ya ɓata ya kai ka wurin, ka riƙa buɗe kunne, ko za ka ji labarin wancan. Ka san ba ta faɗin sunansa, ɗan fari ne. Na cika aike.

Ka gaishe da matarka Nabila. Allah Ya tsare.

Addarka,
Rahmatu


Minna
9 ga Yuli

Adda Rahmatu,

Wa'alaikumus salam. Takardarki ta same mu lafiya lau, ni da Nabila, sai dai ita tana fama da mura. Allah Ya ba Goggo sauƙi. Na saka man zafi a cikin ledar, a riƙa shafa mata a ƙafar.

Kai, Meshach bai kyauta mini ba! Ban haukace ba, Adda. Na'urar gano ƙarfe ce. Wani tsohon safiyo, mai awon filaye, ya kawo mini gyara, da na tashe ta ya ce ƙafafunsa sun daina yawo, in riƙe. In ka gilma faifan a kan ƙasa, akwai ƙarfe a ciki, sai ta yi maka ƙara a kunne. Kowane ƙarfe da muryarsa: murfin kwalba kuka yake kamar ɗan tsako, ƙusa gurnani take yi, tsohon kuɗi kuma muryarsa tas. Asabar da Lahadi da safe nake fita, bayan an yi ruwa ƙasa ta yi laushi. Ba na haƙa rami, ɗan cokalin magini ne, in ɗaga ciyawar in mayar da ita yadda take. Na nemi izini wajen masu kula da lambun, kuma tsohon mai ban ruwa, Baba Shekwolo, yana biye da ni yana dariya. Ya ce shekara talatin yana taka dukiya bai sani ba. Dukiyar kuwa mafi yawanta murafun lemo ne, na cika bokiti guda da su.

Saƙon Goggo ban yi wasa da shi ba. Na tambayi Baba Shekwolo, ya ce: "Mai Hoto? Na sani shi sosai. Dogo ne, kullum yana dariya." Ya kama hannuna ya kai ni gindin wani babban mangwaro ta wajen katanga, ya ce nan yake rataya labulensa mai zanen jirgin sama, nan yake wuni. Inda ya tafi kuwa bai sani ba.

Ban iya tafiya ba, na ce bari in gilma na'urar a wurin. Adda, taku uku daga saiwar ta ɗauki ƙara. Na durƙusa na tona, kuma wallahi sai ga sule. Ƙasa ta cinye fuskarsa, amma da na wanke shi a hankali na gane shi ne. Na naɗe shi a farin ƙyalle na kawo shi gida, yana ɗakina, ban nuna wa kowa ba sai Nabila.

Wannan shafin ya cika, ki juya.

Shi ne na farko da na taɓa samu, don sauran duk kwabo mai huji ne da anini. Na Turawa ne, na shekarar 1947, gefe ɗaya kan sarkin Ingila, ɗaya gefen bishiyar kwakwa. Ki tambayi Goggo me sule ɗaya yake saye a zamaninsu, na san za ta ba ki labari har ki gaji. Wataƙila ma ya sa ta ɗan yi dariya.

Ki ce mata zan ci gaba da tambaya. A gaida yara.

Ƙanenki,
Yunusa


Tungan Ardo
13 ga Yuli

Yunusa,

Salamu alaikum. Lafiyarmu ƙalau, idan wannan ake kira lafiya. Hannuna ke rubutu, amma ban san me zan fara ce maka ba.

Ranar da takardarka ta zo ba na gida. An zo an ɗauke ni zuwa ruga wajen wata mai naƙuda, ka san aikinmu na asibitin ƙauye ba ya sallama, kwana biyu na yi. Meshach ya miƙa wa Goggo takardar a bakin hanya. Da ta ji daga hannunka ta fito ba ta iya jirana ba, ta kira maƙwabciyarmu Phoebe ta karanta mata. Phoebe ta ce tana kaiwa inda ka ce ka tono Sule, ƙasa ta cinye fuskarsa, ka wanke shi ka naɗe shi a farin ƙyalle, sai Goggo ta dafa ƙasa da hannu biyu. Ba ta yi ihu ba. Ta karɓe takardar ta ƙulle a bakin zaninta, kuma har yanzu ba ta yarda kowa ya taɓa ta ba, har ni.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ashe Yaya yana nan gindin mangwaronsa, muna can muna yawon Kaduna.

Amma Yunusa, ina da tambayoyi, kuma ka yi haƙuri da zafina. Wa ya gaya maka sunansa? Gidan nan ba mai ambatonsa. Goggo ba ta faɗa don kunya, mu ƙannensa Yaya muke cewa, Baba kuma ya rasu da sunan a bakinsa. Tsohon nan mai ban ruwa ne ya faɗa maka? In shi ne, me kuma ya sani da bai faɗa ba? Da me ka gane shi, kai da ba ka taɓa ganinsa ba? Zobe ne, ko agogo, ko haƙorinsa na gaba da ya ɓalle? Sannan wane irin ganganci ne ka ɗauko mutum daga ƙasa ka kai ɗakinka, ba hukuma, ba liman? In maƙwabta suka ji, wa zai tsaya sauraron bayaninka? Kuma Nabila ta yarda tana kwana a gidan?

Abin da ya fi ci mini rai, irin wannan labari ba a takarda ake aiko shi ba, ɗan'uwa. Ƙafa ake takowa.

Goggo ta wuni biyu tana kuka. Ban taɓa ganin hawayenta ba, ko ranar da Baba ya rasu. Na ji tsoro ƙwarai, na auna jininta ya hau, na ba ta magani. Ka je wajen liman da mai unguwa yau ɗin nan, ka rubuto mini duk yadda aka yi. Kada ka bar Meshach ya dawo hannu wofi.

Rahmatu


Tungan Ardo
27 ga Yuli

Yunusa,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Kasuwa biyu ta ci ba mota. Ruwa ya tafi da kwalbatin da ke tsakaninmu da Gwada, ban ma san ko takardata ta baya ta isa ba. Wannan wani mai babur zan ba, ya ce zai haye da ƙafa ya kai wa Meshach. Shirun nan yana kashe ni. Kullum ina ganin kamar an kama ka.

Ga abin da ake ciki. Goggo da kanta ta aika aka kira Alfa, limamin garinmu, ta ce a yi wa ɗanta addu'a. An yi ranar Juma'a. An dama fura, an toya masa, mutanen rugage sun zo, har 'yan cocin su Phoebe sun zo gaisuwa. Ta buɗe akwatin da hannunta ta rabar da rigunansa, hula ɗaya kawai ta riƙe.

Abin da ban zata ba shi ne wannan: tana cin abinci. Jiya ta cinye tuwo ta nemi ƙari. Tana barcin rana. Ranar kasuwa ta zo ta wuce, kujerar tana cikin zaure ba wanda ya ja ta. Ƙafar ma ta fara saɓewa tunda ta daina zaman awa shida a kanta.

Magana ɗaya take maimaitawa, a kawo mata shi. Ta ce kusa da Baba akwai wuri. Da an gyara hanya ka taho da shi, ko mu mu zo.

Addarka,
Rahmatu


Minna
1 ga Agusta

Adda Rahmatu,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, ba wanda ya kama ni. Takardunki biyu tare suka zo jiya da la'asar. Na karanta ta farko a tsaye a bakin shago, ban gane komai ba, na sake karantawa, sai na ja benci na zauna.

Adda, ki zauna kafin ki ci gaba, kuma kada ki ba kowa wannan ya karanta.

Ba mutum na tono ba. Kuɗi ne. Sule, na kashewa, irin na da, wanda goma sha biyu na kwabo ke cika shi. Faɗinsa bai fi murfin kwalba ba. Fuskar da na ce ƙasa ta cinye ta sarkin Ingila ce. Farin ƙyallen kuwa hankicin Nabila ne. Duk na yi bayanin nan a bayan takardar, har na rubuta a juya. Wallahi tallahi ban san sunan Yaya Babba ke nan ba. Tun ina yaro Mai Hoto nake ji ana cewa, Baffa ma haka yake kiransa, Baba Shekwolo ma haka. Da na sani, da yatsana zan gwammace in yanke da in rubuta kalmar nan a takardar da za ta shiga gidanku.

Ba na ganin laifin Phoebe. Ita da ta tashi a zamanin naira ina za ta san sule, kuma karatu a baki ba ya nuna babban baƙi da ƙarami. Laifina ne. Goggo ta aiko ni neman ɗanta, ni kuma na haɗa zancensa da zancen wasana a wuri ɗaya, don ɗokin abin da na samu ya rufe mini ido. Nabila ta ce in jefa na'urar a rijiya, kuma ban ga laifinta ba.

Yau da sassafe na koma lambun. Na bi gindin mangwaron nan taku-taku, har inda inuwarsa ta ƙare, ina fatan in samu ko da wani abu nasa ne, kuma ina tsoron in samu. Murfin kwalba sha ɗaya, ƙusa, da kan cokali. Na sake zaunar da Baba Shekwolo. Ya ce abin da ya sani ke nan, wata rana ya zo bai ga labule ba, bai ga mai labule ba. Ba a taɓa binne kowa a wurin ba, shi ke ba bishiyar ruwa tun tana ƙarama.

Don haka muna inda muke shekara goma sha tara da suka wuce. Ba mu san yana raye ba, ba mu san ya rasu ba, kuma an riga an yi masa addu'a an rabar da kayansa ta dalilina. Dole Goggo ta ji gaskiya. Ke kika san jikinta, ke za ki san lokacin. In kin ce in zo in faɗa da bakina, ko da ƙafa zan haye ruwan nan.

Ki yafe mini.

Yunusa


Tungan Ardo
8 ga Agusta

Yunusa,

Salam. Muna lafiya. An cike kwalbatin da duwatsu, mota tana wucewa da ƙyar.

Na karanta takardarka a ɗakin magani, na kulle ƙofa. Da farko dariya ta kama ni, irin wadda ba daɗi, sannan na yi kuka har mai shara ta ƙwanƙwasa. Ni ma da na yi makaranta ban kawo kuɗi a raina ba ko sau ɗaya. Ban riƙe ka da komai ba, ƙanena. Amma ka ce dole ta ji, kai da kake Minna. Zo ka gan ta tukuna.

Shekaranjiya ta sa jikokinta a gaba tana koya musu kaɗa nono, tana yi musu tsiya. Rabon da in ji muryarta haka tun ina budurwa. Sau uku ina shiga ɗakinta da niyyar faɗa, sau uku ina fitowa da zancen magani. Me zan ce? Goggo, koma bakin hanya? Na san abin da zai biyo baya, ni ke auna jininta. Ba za ta kai rani ba.

Ga abin da na yi tunani, kuma kada ka yi saurin ce mini a'a. Ka rubuto wata takardar da za a karanta mata. Ka ce hukuma ba ta yarda a fita da shi daga Minna ba, an yi masa sutura an binne shi a maƙabartar gari, liman ya yi salla. Ba za ta iya tafiyar ba, ba za ta taɓa zuwa dubawa ba. Layi huɗu ne, Yunusa. Zunubin a kaina.

Abu ɗaya ke damuna. Phoebe ta daina haɗa ido da ni. In na shigo ta fita. Ko tana jin nauyin ita ta karanta mugun labari ne, ban sani ba.

Ina jiran takardar a motar kasuwa mai zuwa.

Rahmatu


Minna
15 ga Agusta

Adda,

Wa'alaikis salam. Ina fatan Goggo tana ƙara samun ƙarfi. Mu lafiya, sai rashin sukuni.

Na gwada. Allah Shi ne shaida, takarda biyar na ɓata. Duk sanda na kai wajen "liman ya yi salla" sai biron ya tsaya. Kuskuren farko ban san na yi shi ba, wannan kuwa da idona buɗe zan haƙa wa mutum kabarin da babu shi. In Yaya Babba yana wani gari da ransa fa? In wata rana ya sauko daga motar Meshach, wa zai kalli Goggo ya ce mata mun sani? In kuma ta ce a kai ta ta dafa kabarin, kabarin ɗan wa zan nuna mata? Kin ce zunubin a kanki, amma hannuna ne zai rubuta.

Na san ni ba ni ke auna jininta ba. Na san abin da nake ce miki ya fi sauƙi daga nan. Ina jin tsoro kamar yadda kike ji, wataƙila ma fiye, don in wani abu ya same ta, kalmata ce ta fara shi kuma kalmata ce ta ƙarasa.

Ta ce a kawo mata shi. To ga shi nan a cikin ambulan, cikin ƙyallen da na naɗe shi tun ranar farko. Ba ni da wani Sule da zan kawo mata sai wannan. Ina ganin zai fi sauƙi ta gani da idonta da a ce baki ne ya warware mata. Ki ajiye maganinta kusa, ki kira Alfa ya zauna a zaure. In kuma kin ga ba za ki iya ba, ki riƙe shi, ranar Asabar ta sama ina tafe.

Na'urar tana ƙarƙashin gado, na cire mata batir.

Ƙanenki,
Yunusa


Tungan Ardo
22 ga Agusta

Ƙanena Yunusa,

Assalamu alaikum. Kafin komai, Goggo tana nan da ranta da lafiyarta. Na san shi kake son ji, ka sauke numfashi ka karanta sauran.

Kwana uku ambulan ɗinka yana cikin jakar aikina. Na yi fushi da kai, ba zan ɓoye ba. Ranar Laraba bayan azahar na ce yau ko ni ko shi. Alfa ya zo ya zauna a zaure kamar mai shan inuwa, na ajiye abin awon jini a bayan ƙofa. Na same ta tana tsince wake. Na durƙusa na ce saƙo ne daga Yunusa, na ɗora ƙyallen a tafin hannunta. Ko kalma ɗaya daga cikin waɗanda na shirya ban tuna ba.

Ta warware shi a hankali. Ta kai shi kusa da ido, ta juya, ta shafa bishiyar da babban yatsa. Ta ce da irinsa biyu aka saya mata ɗankunnen farko a kasuwar Zungeru. Sannan ta dube ni ta ce:

"Rahmatu, na girmi naira fa. Kin ɗauka ban san sule ba?"

Ashe ta sani, Yunusa. Kwana huɗu na farko ta yarda da gaske, kukan nan na gaske ne. Rana ta biyar, ina wajen aiki, ta kira Phoebe ta ce ta sake karanta mata wurin. Phoebe ta ga an ce a juya, ta juya, ta karanta har sarkin Ingila da bishiyar kwakwa. Goggo ta sa ta yi alkawarin ba za ta gaya wa kowa ba, shi ya sa baiwar Allah take gudun idona. Bayan ta sani ne ta kira Alfa. Shi ma ta gaya masa gaskiya, ya ce mata addu'a ba ta rage wa rayayye komai, in kuma ya riga mu ta same shi. Mu kaɗai aka bari a duhu, ni da kai, muna ta aika wa juna tashin hankali a motar Meshach.

Na tambaye ta don me. Ta ce kwana huɗun nan da ta yi tana kuka, a cikinsu ta gane ta gaji, kuma da aka ce mata kuɗi ne ta duba zuciyarta ta ga ba za ta iya sake ɗaukar kujerar nan ba. Ta bar wa Allah shi, in yana raye ya san hanyar gida. Cewa da take a kawo mata shi kusa da Baba kuwa, wai so take ta ga ko za mu yi mata ƙarya in mun gane. Da na gaya mata abin da na roƙe ka da amsar da ka bayar, ta ce ɗan Garuba bai zubar da gida ba. Ni kuma ta ja mini kunne, da girmana.

Sai ta ce akwai wani abu kuma. Ita kunya ta hana ta kiran sunansa tun ranar suna. Mu kuma don kada mu tayar mata da hankali muka bi ta muka yi shiru. Shekara goma sha tara ba ta ji an ambace shi a gidan nan ba, kamar ba a taɓa haihuwarsa ba, sai ranar da Phoebe ta karanto shi da ƙarfi a tsakar gida ba tare da ta san me take faɗa ba. Ta ce duk ranar da ba na nan sai ta sa Phoebe ta maimaita mata layin.

Kuɗin yana ƙulle a bakin zaninta tare da takardarka, kada ka sa ran ganinsa kuma. Jiya kasuwa ta ci, motar Minna ta zo ta tafi, ita tana bayan gida tana ba kaji dawa.

Ka zo ranar Asabar ɗin, ka taho da Nabila, an ajiye muku man shanu. Amma ta ce in rubuta maka wannan yadda ta faɗa, kada in gyara:

"Ka mayar wa sandarka batir. Ka koma gindin mangwaron ka ci gaba da tono. Duk sanda ka samu wani ka rubuto, ka rubuta sunan da kyau, a karanta mini da ƙarfi."

Na ce mata Goggo, sunan me zai rubuta? Na yi ne don tsokana, ban zaci amsa ba. Ta ci gaba da tsince wakenta, ba ta ɗago ba, ta ce, "Sule."

Allah Ya kawo ku lafiya.

Addarka,
Rahmatu